Gajimaren da ke Kewaye da Kaza da 'Ya'yanta

Tun muna yara a Sandamu da sauran garuruwan ƙasar Daura aka koya mana sunayen taurari: Gamzaki mai fitowa da asuba, Zara matar wata, da Kaza da 'ya'yanta. Malaman hisabi kuwa Surayya suke kiran wannan kazar, ɗaya daga cikin manzilolin wata 28. Ilimin ba baƙo ba ne a wajenmu. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a lissafi da ilimin taurari.

Sai dai akwai abin da idanunmu ba su iya gani: wani siririn gajimare na ƙura mai launin shuɗi da ke lulluɓe da kazar. Irinsa suna da yawa a samaniya. Tun shekarar 964 Abdurrahman as-Sufi ya ambaci wani ɗan gajimare a cikin taurarin Andromeda, wanda daga baya aka gane tarin taurari ne masu ɗimbin yawa. Ido yana kallo ne ya wuce, kyamara kuwa tana iya tsayawa ta tara haske kamar yadda ake tarar ruwan sama a randa.

Waɗanda suka fara wannan aiki ba da shi suke ci ba. Henry Draper, likita ne a Amurka, shi ya fara ɗaukar hoton gajimaren Oriyon a ranar 30 ga Satumba, 1880, bayan ya bar kyamararsa a buɗe kusan minti 50. A 1883 Andrew Common, injiniya a Ingila, ya ɗauki wanda ya fi shi daga bayan gidansa, har taurarin da ido bai gani ta madubin hangen nesa suka bayyana. A 1969 aka ƙirƙiro na'urar da ke mayar da haske lambobin kwamfuta, a 1975 kuma injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital. Yau mai sha'awa yakan kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya ɗauki hotuna masu yawa na 'yan daƙiƙoƙi, manhaja ta haɗe su su zama ɗaya.

Hasken gajimaren Oriyon yakan yi sama da shekara 1,300 a hanya. Wanda ke iso mana yanzu ya taso tun kafin Bagauda, jikan Bayajidda, ya zama sarki a Kano a 999, yadda tarihin Kano ya kawo.

Abin da wannan aiki ya fi buƙata shi ne duhu, kuma shi ne ya gagari mazauna manyan birane. Mu muna da shi a ƙauyukanmu. A daren Disamba da Janairu, in hazo ya kwanta kuma babu farin wata, Oriyon da kazar kusan saman kanmu suke bi. Fitilun sola na ƙaruwa a tituna, muna kuma murna da su. Idan aka riƙa sunkuyar da kansu ƙasa, za mu samu hasken hanya, 'ya'yanmu kuma su samu samaniyar da za su ɗauka a hoto.