Biyotin da Gashin Kai: Daga Gwaiduwar Ƙwai Zuwa Kasuwar Dantokpa

A 'yan shekarun nan wani suna ya shiga bakin 'ya'yanmu mata, wato biyotin, ƙwayar da ake cewa tana tsayar da zubewar gashi. Tun da kuɗinmu ake kashewa, jikinmu kuma ake ɗura wa, ya kamata mu san asalinta.

Labarin ya faro ne a Ingila a 1927, inda wata masaniya, Margaret Boas, ta lura ɓerayen da ake ciyarwa da ɗanyen farin ƙwai suna yin ƙuraje, gashinsu yana zuba, amma in an ba su hanta sai su warke. A 1936 Fritz Kögl da Benno Tönnis suka tace sinadarin daga gwaiduwar ƙwai. Paul György ya kira shi bitamin H, daga harafin farko na kalmar fata a Jamusanci. A 1942 Vincent du Vigneaud ya bayyana ƙirarsa a Amurka. Yau ana ce masa bitamin B7. Aikinsa shi ne taimaka wa jiki sarrafa maiƙo da sukari da furotin, wanda da shi ake gina gashi da farce.

Abin da babba yake bukata a yini bai wuce maikirogiram 30 ba, kuma yana cikin dafaffen ƙwai da hanta da kifi da gyaɗa. Kakanninmu fatake, da suka bi hanyar goro ta Nikki da Parakou da Djougou zuwa Gwanja, ba su san sunansa ba, amma guzurinsu na ƙuli-ƙuli, wanda maƙwabtanmu Fon ke kira kluiklui, yana ɗauke da shi. Iyayenmu mata kuwa da man shanu da man kaɗe suka riƙe kitsonsu.

Shi ya sa ƙarancin biyotin bai cika faruwa ba. Wanda ya rasa shi, gashinsa zai zuba, in an ba shi ya dawo. Mai isasshe kuwa, bincike bai tabbatar ƙari yana tsiro masa da gashi ba. Ƙoƙon da ya cika ba ya karɓar ruwa. Samarin da ke kwankwaɗar ɗanyen ƙwai kullum don neman ƙarfi su sani, farinsa yana da wani sinadari, abidin, mai ɗaure biyotin ya hana hanji tsotsarsa. Dafawa ce ke karya shi.

Mafi yawan zubewar gashi tana da wasu dalilai: kitso mai tsauri da ke cinye gaban goshi, man miƙar da gashi, ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, da sanƙon gado. Mai jego kan ga gashinta yana zuba wata uku bayan haihuwa, galibi ya komo da kansa.

Akwai kuma haɗari. Ƙwayoyin kasuwa sukan kai maikirogiram 5,000 ko 10,000. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa irin wannan adadi yana rikita gwajin jini, har a kasa gano bugun zuciya. A shekarar ce kuma gwamnatin Patrice Talon ta kai samame Adjégounlè, a Dantokpa, ta kwashe tarin jabun magunguna.

Saboda haka muna roƙon iyaye mata da makitsa a sassauta hannu a kan yara. Wadda gashinta ke zuba ta fara da gwajin jini a asibiti, mai shan biyotin kuma ta faɗa wa likita kafin a ɗebi jininta. Allah ya ƙara mana lafiya.