Kuɗin cizo: yadda ake gane shi da yadda ake raba gida da shi

A Ɗan Issa, garin da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina cikin gundumar Madarunfa, kullum mutane da kaya na shige da fice: fasinjoji, ƴan ci-rani, dilolin gwanjo, katifu da gadaje na hannu. Ta irin wannan hanya kuɗin cizo ke yawo. Ba ya tashi, ba ya tsalle. Laɓewa yake yi a ɗinkin jaka ko naɗin tabarma, a kai shi har ɗaka. Shigarsa gida ba shaidar ƙazanta ba ce, domin jini yake nema, ba datti ba. Ko a Faransa, inda ake kiran sa punaise de lit, hukumar ANSES ta bayyana a 2023 cewa kashi 11 cikin 100 na gidajen ƙasar sun yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022.

Wane irin ƙwaro ne?

Babban kuɗin cizo tsawonsa kamar milimita 5 ne. Jikinsa a baje yake, launinsa ja-ja mai duhu, idan ya ƙoshi sai ya kumbura. Nau'i biyu ne ke damun ɗan Adam: Cimex lectularius, da Cimex hemipterus wanda ya fi yawa a ƙasashe masu zafi. Da rana yana ɓoye, da dare ɗumin jiki da numfashin mai barci su jawo shi. Cikin minti 5 zuwa 10 ya sha jini ya koma maɓoyarsa.

Macen tana saka ƙwai kaɗan-kaɗan kusan kowace rana, har ta kai 200 ko fiye a rayuwarta. Ƙwan fari ne, bai wuce milimita 1 ba, tana manna shi cikin tsaga, ya ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Ɗan ƙwaron yakan yi saɓa sau 5 kafin ya girma, kuma kafin kowace saɓa sai ya sha jini. Babba na iya yin watanni bai ci ba, shi ya sa rufe ɗaki a ƙaurace masa na ƴan kwanaki ba ya kashe shi.

Har yanzu ba a tabbatar yana yaɗa wata cuta tsakanin mutane ba. Illarsa ita ce ƙaiƙayi, rashin barci, da gyambon da susa ke jawowa. Idan ya yi yawa ƙwarai, yana iya rage jinin jarirai da tsofaffi.

Alamominsa

Cizon kan fito a jere ko a dunƙule, a hannu, wuya, ƙafa ko baya. Amma cizo kaɗai bai isa hujja ba, saboda wasu ko ya cije su ba ya nunawa, wasu kuma sukan ɗauka sauro ne. A ɗauki fitila a duba ɗinkin katifa, mahaɗar katakon gado, cikin karan gadon kara, saƙar tabarma, kusurwoyin gidan sauro, tsagar bango, da bayan hotuna da kalandar da ke rataye. Abin da ake nema shi ne ɗige-ɗigen baƙin kashinsa, ɗigon jini a zanen gado, fatun saɓa, fararen ƙwai, ko ƙwaron kansa.

Abin da ya sa feshi ɗaya ba ya isa

Daga shekarun 1940 maganin DDT ya kusan share kuɗin cizo a ƙasashe da yawa. Tun ƙarshen shekarun 1990 ya dawo, kuma a wurare da dama ya daina jin magungunan gwangwani da ake fesa wa sauro. Ko da maganin ya kashe manyan, yawanci ƙwan na nan lafiya cikin tsaga. Bayan mako ɗaya ƴaƴa su fito, mai gida ya ga kamar aikin banza ya yi. Abin da ƙwaron da ƙwansa ba su jurewa shi ne zafi: digiri 50 na kashe su idan zafin ya ratsa inda suke.

Matakan aiki

Na farko, a tattara zannuwa, barguna, labule da tufafi cikin leda ko buhu, a ɗaure baki tun a ɗaki, kada ƙwari su zube a tsakar gida. A jiƙa su a ruwan zafin da ya kai digiri 60, wato wanda hannu ba ya iya shiga, na rabin awa, sannan a wanke, a shanya, a goge, dutsen guga na bin ɗinki. Kayan da aka gama a sa su cikin sabuwar leda.

Na biyu, a fitar da gado a kwance shi, a kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa da ramin ƙusa. A yi nesa da yara lokacin wannan aiki. Gadon karan da ya cika da ƙwari ya fi sauƙi a ƙone shi a yi sabo.

Na uku, katifa. A kankare ɗinkinta da buroshi mai tauri, a bi da guga. Ranar watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a jahar Maraɗi, tana taimakawa, musamman ga ƙananan kaya da aka ɗaure a baƙar leda aka bari yini guda. Amma katifa mai kauri ba ta ɗaukar zafi har ciki, ƙwarin sukan gudu gefen inuwa. Sai a riƙa juya ta, daga baya a naɗe ta da leda mai kauri a liƙe ko'ina, a bar ta a haka har shekara. Idan za a yar da ita, a yayyaga ta, kada wani ya ɗauka ya kai gidansa.

Na huɗu, a toshe tsagar bango da ƙasa da yaɓe ko siminti. A janye gado daga bango, a sa ƙafafunsa cikin gwangwanaye masu ruwan sabulu, kada zane ya taɓa ƙasa.

Na biyar, a maimaita dubawa da ruwan zafi kowane kwana 7 zuwa 10, har a yi wata biyu ba a ga alama ba. A gidan yawa ko gidan haya, dole dukan ɗakuna su yi aikin rana ɗaya, in ba haka ba ƙwarin su koma maƙwabta su dawo. Haka ma a makarantun allo da na kwana, inda ake haɗa shimfiɗa.

Gidan sauro kuwa kada a yar da shi don an ga ƙwaro a jikinsa. Zazzaɓin cizon sauro na kisa, kuɗin cizo ba ya yi. A goge kusurwoyinsa, a wanke da ruwan sanyi da sabulu, a shanya a inuwa, a mayar.

Haɗarin guba

Garin neman gira ake rasa ido. Fiya-fiya da Sniper, waɗanda yawancinsu ke ɗauke da sinadarin DDVP, guba ne mai shiga ta fata da numfashi. Faransa ta haramta wannan sinadari tun 2013, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Ƙwayar da ake sa wa buhunan wake, irin su Phostoxin, ta fi muni: iskar da take fitarwa na ratsa ɗaki zuwa ɗaki. A 2015, yara biyu ƴan gida ɗaya sun mutu a garin Fort McMurray na Kanada, bayan an sa irin wannan ƙwaya a gidansu don kashe kuɗin cizo. Fetur da kananzir kuma gobara suke jawowa.

Wanda ya ga dole sai ya yi feshi, ya nemi maganin da aka yi don cikin gida, mai lambar amincewar kwamitin CSP na ƙungiyar CILSS, ya kuma nemi shawarar jami'an lafiya. A fesa a tsaga da ƙafafun gado, ban da kan katifa da matashi. A fitar da abinci, ruwa, yara da dabbobi, sannan a bar ƙofa da taga a buɗe kafin a koma.

Idan bayan feshi wani ya fara dalalar da miyau, gumi, amai, jiri ko sarƙewar numfashi, a fitar da shi waje, a cire masa tufafi, a wanke jikinsa da sabulu. Kada a ba shi madara ko manja, kada a sa shi amai. A garzaya da shi cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, a tafi da kwalbar maganin don likita ya gani.

Kafin ya sake shiga

Kayan gwanjo su bi ta ruwan zafi kafin su shiga akwati. Gado ko katifa na hannu a duba su a waje da rana. Matafiyin da ya kwana a tasha ko masauki ya bar jakarsa a tsakar gida, a zazzage ta, a wanke kayan da ke ciki kafin a shigar da su ɗaki.