Karfasa: Daga Kogin Kaduna Zuwa Akwatin Gilashi

Idan rani ya yi nisa, kogin Kaduna ya ja baya har duwatsun cikinsa suka fito, mai sa'a da ya tsaya a gaɓa ya zuba ido inda ruwa bai kai gwiwa ba yana iya hango wasu 'yan ramuka a yashi, kamar an danna ƙwarya an ɗauke. Gidajen karfasa ke nan. Namijin ne ke haƙawa, yana cika baki da yashi yana zuwa gefe ya tofar, in ya gama kuma sai ya kafa ya tsare. Duk namijin da ya kusanto zai ga ya buɗe marfin kunnuwa, ya miƙe ƙayoyin baya, ya yo kansa. Wani lokaci sukan kama bakin juna su yi ta turereniya kamar 'yan kokawa, har ɗaya ya saki ya arce.

Masunta sun san wannan hali tun kafin a yi birnin Kaduna. Gbagyi ne mazauna wannan daji lokacin da layin dogo ya ratso shi kan hanyarsa ta zuwa Kano a 1911, kuma sai a 1917 gwamnatin Lugga ta kwaso hedikwatar Arewa daga Zungeru ta dawo da ita nan. Ofisoshi da gidajen Turawa suka zauna a arewacin kogi. Kudanci ya samu mahaɗar jiragen ƙasa da leburorinta, kuma inda lebura ya sauka, mai kifi na biye. Hausawa da Nufawa masu birgi da kalli da mamari suka samu kasuwa a bakin tasha. Ana cewa sunan garin ma daga ruwan ya fito, wato kadduna, jam'in kada.

A wurin mai saye, karfasa karfasa ce, wasu su ce gargaza. Masunci kuwa ya san ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai zane-zanen tsaye a wutsiya, wadda masana ke kira Oreochromis niloticus. Macen ce ke kwashe ƙwai ta riƙe a baki, ta yi kusan mako biyu ba ta kiwo, kuma ko bayan 'ya'yan sun fito, da sun ji motsi sai su ruga su koma bakin uwa. Akwai mai jan ciki, Coptodon zillii, wadda ke manna ƙwanta a ƙasa ko a jikin dutse, uwa da uba su yi gadi tare. Akwai fara mai faɗin jiki, Sarotherodon galilaeus, wadda mace da namiji duk suna ɗaukar ƙwai a baki. Sai ƙananan 'yan uwansu na zuriyar Hemichromis: ɗaya mai baƙaƙen ɗigo biyar a jere a haƙarƙari, mafarauci ne, ɗayan kuma ja ne mai yayyafin shuɗi kamar an watsa masa duwatsun ado. Duk dangi ɗaya ne da ake kira siklid, kuma alamarsu ba ta ɓata: ƙofar hanci ɗaya tak a kowane gefe, maimakon biyu irin na yawancin kifaye, sannan layin da ke bin tsawon jikinsu a katse yake gida biyu.

Wannan sani ya shiga takarda a 1967, lokacin da Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta fitar da littafin kifaye da sana'ar su na Arewacin Nijeriya, aikin W. Reed da abokansa, wanda aka buga a kamfanin Gaskiya da ke Zariya. Har yau ɗaliban kimiyyar kifi na komawa gare shi in za su tantance abin da taru ya kamo.

A lokacin kuwa kudancin kogin ya riga ya sake kama. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, ga kamfanin ƙera makamai na DICON, daga baya Peugeot ta kafa wurin haɗa motoci a 1975. Dubban ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar suka cika Makera da Kakuri da Nasarawa, suka bazu har Television da Sabon Tasha. Ma'aikacin da ya tashi aikin dare yana son abin da zai ci a tsaye, kuma soyayyar karfasa da yaji ta dace da aljihunsa. Sai dai bunƙasar da ta kawo masu saye ita ce ta taɓa ruwan, domin magudanan Kakuri da Makera a kogin suke zubewa, ɗauke da ruwan rini da sauran dattin masana'antu. Masu bincike sun sha ɗibar ruwan waɗannan magudanai suna aunawa.

Tunanin a kiwata kifi maimakon a jira kogi ya girmi masaƙun ma. A farkon shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe gonar kifi a Panyam, can ƙasar Filato, kuma a sassa da dama na Afirka an ɗora buri a kan karfasa saboda tana cin ganye da dusa, tana jure zafi. Burin ya gamu da halinta. A kududdufi karfasa kan fara haihuwa tun tana ƙarama, ta yi ta yi ba ƙaƙƙautawa, ranar kamu a tarar da kifi jingim amma duk ba wanda ya kai tafin hannu. Dabarar da aka samo tana da ban dariya: a saka mata maƙiyi. A Afirka ta Yamma an yi amfani da mai ɗigo biyar ɗin nan, ko tarwaɗa, su riƙa cinye 'ya'yan don manyan su samu sarari. Daga baya aka koma kiwon maza zalla.

Duk da haka, da masaƙu suka durƙushe a shekarun 2000, mutane suka shiga neman abin yi a bayan gida, tarwaɗa ce ta cika tankunan siminti da na tamfol a unguwannin kudancin Kaduna. Tana shaƙar iska daga sama, tana jure cunkoso, ana iya kai ta gidan farfesu a Barnawa da ranta a cikin baho. Karfasa ba ta da wannan juriya. Abin mamaki shi ne a waje ta fi daraja: a 1965 Yarima Akihito na Japan ya ba Sarki Bhumibol na Tailan kyautar guda 50, daga nan ta zama abincin kowane gida a ƙasar.

Ƙananan 'yan uwanta kuwa wata hanya suka bi. Tun da gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kallon kifi a 1853, ajiye kifi a akwatin gilashi ya zama abin yayi a Turai, 'yan kasuwa suka shiga farautar masu kyan launi. A 1913 aka kai Jamus wani ɗan siklid mai jan ciki daga ruwayen kudancin Nijeriya, Pelvicachromis pulcher, wanda masu sha'awa ke kira kribensis, kuma har yau yana cikin waɗanda aka fi ajiyewa a duniya. Jan Hemichromis ma ya samu shiga, ya kuma yi ƙaurin suna: in ya yi ƙwai, ba ya barin kowa ya sakata ya wala a akwatin. Daga baya tafkin Malawi, mai ɗaruruwan nau'o'in siklid, ya cika kasuwa da shuɗi da rawaya.

Kyan ɗan maciji ke gare su. A kogi wanda aka kora yana da wurin gudu, a akwatin gilashi kuwa bango huɗu ne, sai a wayi gari a gan shi a maƙale a kusurwar sama, wutsiya a yage, launi ya dushe. Konrad Lorenz, masanin halayyar dabbobi ɗan Ostiriya, ya rubuta a littafinsa na 1963 kan faɗa cewa namijin siklid da aka raba da abokan hamayya yakan huce a kan matarsa har ya kashe ta. Maganinsa shi ne ya ajiye ma'aurata biyu a akwati ɗaya da gilashi a tsakani, kowane namiji ya ƙare fushinsa a kan maƙwabcin da ba zai iya cizo ba.

Sauran dabarun masu ajiye kifi a akwati duk a kan wurin zama suke, abin da masuncin Kaduna ba zai yi mamakinsa ba. Ana jera duwatsu da fasassun tukwane yadda kifi ba zai hango ɗan uwansa daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba. Ana sa namiji ɗaya da mata uku ko huɗu, don kada mace ɗaya ta sha wahalar shi kaɗai. Ba a haɗa maza masu kama da juna a launi. In za a kawo baƙo, sai a rushe tsarin duwatsun a sake, kowa ya zama baƙo. Masu ajiye kifin tafkin Malawi har cunkusa su suke yi da gangan don kada wani ya samu filin da zai ce nasa ne, amma wannan na bukatar matatar ruwa da injin iska da ba sa tsayawa, kuma a unguwar da ake ɗauke wuta yini guda, wannan dabara tana iya ƙarewa da asarar kifin gaba ɗaya.

Shi ya sa akwatunan da ake gani a otal-otal da falon gidaje a kudancin Kaduna suka fi cika da kifin zinare da makamantansa masu sanyin hali, waɗanda asalinsu daga Asiya ne. Jan Hemichromis, wanda ake sayarwa ɗaiɗai a leda mai iska a kantunan Turai, yana nan a ruwayen da ke zuba cikin Neja. In ya faɗa birgin masunci, a tarin ƙananan kifi yake ƙarewa, a soya shi tare da saura a sayar da shi a faranti.