Wa Ya Kayar da Daular Songhai?

Malaman Timbuktu da suka rubuta tarihin Songhai bayan rushewarta, musamman Abdurrahman as-Sa'adi wanda ya kammala littafinsa Tarikh as-Sudan wajen 1655, sun ɗora alhakin masifar a kan mutanen ƙarshen zamanin Askiyoyi, wato sarakunan gidan Askiya Muhammadu, suka zarge su da watsi da dokokin Allah da dulmuya cikin fasiƙanci har aka saukar musu da rundunar Maroko. Hukuncin bai rasa gaskiya ba, amma ya ɗora wa tsarar ƙarshe kayan da ba ita kaɗai ta ɗaura ba, domin ɓarakar da ta kayar da daular ta girme ta da shekara sittin.

Askiya Muhammadu ya karɓi mulki da takobi daga hannun Sonni Baru a 1493, ya tafi aikin hajji a 1496, ya naɗa alƙalai, ya kuma nemi fatawar Shehu al-Maghili, malamin nan da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan sha'anin mulki. Duk da wannan gyara, bai bar wa 'ya'yansa masu yawa wata ƙa'ida ta gadon sarauta ba, kuma shi ne ya fara ɗanɗana kuɗar hakan, domin a 1528, bayan ya tsufa ya makance, ɗansa Musa ya tuɓe shi, ya shiga kashe 'yan'uwansa har shi ma aka kashe shi a 1531. Daga nan gadon sarauta ya zama na wanda ya riga kowa isa fadar Gawo da mayaƙa, ta yadda Askiyoyi huɗu suka hau suka sauka zuwa 1549.

Zamanin da ya fi cancantar tuhuma shi ne wanda aka fi yabo, wato mulkin Askiya Dawuda daga 1549 zuwa 1582, lokacin da rumbunan sarki suka cika da shinkafar da bayi suke nomawa a fadamun kogin Kwara, aka kuma ɗauki marubuta suna kwafar littattafai. A cikin wannan yalwa ne Maroko ta fara taɓa ma'adinin gishiri na Taghaza, wanda ayarin fatake masu ƙetara Sahara suka dogara da shi, kuma a wannan zamani ne Mai Idris Alauma na Borno ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi, alhali Songhai ta tsaya ga doki da mashi da kwari da baka. Mutanen da suka sami zaman lafiya na shekara talatin da uku, suka ga haɗarin da idonsu, amma suka bar rikicin gado da tsarin yaƙi yadda suka same su, sun fi waɗanda suka gaje su nauyin laifi.

Da Dawuda ya rasu sai 'ya'yansa suka koma halin iyayensu, har abin ya kai ga yaƙin basasa na 1588, sa'ad da Sadiƙ, mai riƙe da sarautar Balama, wato kwamandan rundunar da ke zaune a Kabara kusa da Timbuktu, ya yi tawaye, Askiya Ishaƙa na Biyu ya murƙushe shi ya hallaka manyan jarumai da dama. Rundunar da ta rasa shugabanninta ta wannan hanya ita ce ta tari Judar Pasha, wanda Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya aiko da mutum kusan 4,000, a Tondibi cikin watan Maris na 1591, inda ƙarar bindiga ta juyo da garken shanun da aka kora gaba suka tattake masu su.

Malamai ma sun biya bashin da ba su ci ba, domin a 1593 aka kama manyansu a Timbuktu, aka kai ɗaya daga cikinsu, Ahmad Baba, birnin Marakish bayan an wawushe littattafansa wajen 1,600, bai dawo gida ba sai 1608, yayin da ragowar gidan sarauta suka ja da baya zuwa ƙasar Dandi suka ci gaba da faɗa a ƙarƙashin Askiya Nuhu.