Daga Sudawa zuwa Gidan Mambayya: Yadda Talakan Kano Ya Koyi Cewa "A'a"

Yau cikin ganuwa za mu shiga, kuma kafin mu fara ina so ku yi wani ɗan gwaji. Ku lissafo sunayen unguwannin cikin birni: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi, Alfindiki, Dandalin Turawa. Kun lura? Nufawa, Barebari, mutanen Agadas, Yarbawa, Larabawan Tarabulus. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da aka kafa kasuwar Kurmi, Kano take karɓar baƙo, ya zauna, jikansa ya tashi Bakano. To in haka ne, ina matsalar take?

Matsalar ita ce akwai wata katangar da ba a gani da ido, wadda ta raba masu sarauta da talakawa, ta raba ɗa da bawa. Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, amma ba su rushe wannan katangar ba, sai ma suka ƙara mata tubali. Suka bar mulki a hannun En'e, wato kotun alkali, gidan yari, 'yan doka da karɓar haraji duk a ƙarƙashin fada. Bauta kuwa sai 1936 aka haramta ta gaba ɗaya a Arewa. Sannan suka raba garin: Turawa a Nassarawa, 'yan Kudu a Sabon Gari, Kanawa a cikin ganuwa. Kowa da dokarsa, kowa da kotunsa.

Ka ɗauki kanka a matsayin marini a Ƙofar Mata ko baduku a cikin birni a wancan lokacin. Haraji dole ne, ka samu ko ba ka samu ba. Bafulatanin daji yana biyan jangali a kan kowace saniya. A ƙauye ga aikin tilas, ga gaisuwar hakimi. In an zalunce ka, wajen wa za ka kai ƙara? Wanda ya naɗa mai karɓar harajin shi ya naɗa alƙalin.

A ranar 8 ga Agusta 1950, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, Maitama Sule, Mudi Sipikin, Magaji Ɗambatta, da Bello Ijumu. Ku riƙe sunan nan na ƙarshe, domin Bayarbe ne daga yankin Kabba. Wato tun ranar farko ba tafiyar ƙabila ɗaya ba ce. Suka fitar da takardar manufa da aka fi sani da sanarwar Sawaba, wadda ta ce ƙarara talaucin talaka yana da tushe a tsarin En'e, kuma talaka da kansa zai ƙwaci kansa.

Malam Aminu Kano a lokacin yana koyarwa a Maru. Ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar, ya dawo gida, ya zama shugaban jam'iyyar a 1953. Abin lura a nan: Malam ba ɗan talakawa ba ne. An haife shi a 1920 a unguwar Sudawa, gidan Fulani Genawa, gidan malamai da alƙalai. Da ya so, da ya zauna a inuwa. Kuma wannan asalin ne ya ba shi makami, domin duk wanda ya ce NEPU fita ce daga addini, Malam zai buɗe masa Alƙur'ani da littattafan su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya nuna masa inda aka hana zalunci.

Su wa suka riƙe tafiyar? Teloli, mahauta, 'yan koli, masu sana'ar hannu, malaman zaure. Lacca a dandali, waƙoƙin siyasa, makarantun Islamiyya da ake koyar da yara maza da mata. Darasin kuwa ɗaya ne: kai mutum ne, kana da haƙƙin ka tambayi inda harajinka yake tafiya.

A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano. Amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e na da ikon cusa nata mutanen a matakin ƙarshe. Da aka kai ƙarshe, ko kujera ɗaya NEPU ba ta samu ba a majalisar Kaduna. Daga nan sai matsi: ɗauri, bulala, korar 'yan jam'iyya daga rumfunan kasuwa. A 1953 aka kafa ƙungiyar da ake kira 'Yan Mahaukata don tarwatsa taronsu. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Zariya, ta zo Kano tana wayar wa mata kai, aka kama ta aka ɗaure. Sau 16 aka kai matar nan gidan yari a rayuwarta, kuma sai a shekarun 1970 matan Arewa suka samu 'yancin jefa ƙuri'a.

To me aka samu? A hankali abin ya zo. Malam ya ci kujerar majalisar tarayya a 1959. Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka, gidajen yari da kotuna daga hannun En'e, abin da NEPU ta daɗe tana kira a kai. Sai 1979, PRP mai alamar mabuɗi ta ci Kano, Muhammadu Abubakar Rimi ya hau, ya soke haraji da jangali. A 1980 Kano ta ba da hutun ranar ma'aikata tun kafin gwamnatin tarayya, ta kuma kafa hukumar ilimin manya.

Amma kada mu yi wa tarihi kwalliya. PRP ta rabe gida biyu, santsi da taɓo. A ranar 10 ga Yulin 1981, bayan gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, tarzoma ta tashi, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, gidan siyasarsa a tarwatse. Gidansa na Gwammaja shi ne Gidan Mambayya na yau, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Ku je ku ga ɗakinsa, za ku sha mamakin ƙanƙantarsa.

Yanzu tambayar gare mu take. An soke haraji, amma ɗan adaidaita sahu da mai kayan miya rasit nawa suke yanka, kuma wa yake tambayar inda kuɗin yake zuwa? An haramta bauta, amma in maganar aure ta taso har yau ana binciken "asali". Wanda aka haifa a Sabon Gari, kakansa ma a nan aka binne shi, Bakano ne ko baƙo? Mutanen 1950 ba su da waya, ba su da intanet, kuma bulala ce ke jiransu. Duk da haka suka tambaya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya jiƙan magabata, mu kuma Ya kyauta namu ƙarshen.