Yaron da Haraji Bai Hau Kansa Ba: Daga Gumel Zuwa Takardar Albashi

A zamanin En'e, da kaka ta yi, dagatai da masu unguwanni a ƙasar Gumel sukan bi gida-gida suna ƙidayar mazan da haraji ya hau kansu. Tun bayan da Turawan Ingila suka karɓi masarautar a 1903, Gwamna Lugga kuma ya tsara dokar kuɗin shiga a 1906, harajin ya koma na tsabar kuɗi, ana raba shi tsakanin Baitulmali da gwamnatin Turawa.

Yaro ba ya biya. To amma yaushe yaro ke zama namiji? A lokacin babu takardar haihuwa a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, don haka ido ne alƙali. Mai ƙidaya ya dubi tsayin yaro da ƙirjinsa, ya ji ko muryarsa ta buɗe, ya tambaya ko yana riƙe garma. Uba ya rantse ɗansa tsawo kawai ya yi, dagaci kuwa ya san hakimi na jiran adadin da bai gaza na bara ba. Duk saurayin da aka ɗaga wa ƙafa, Baitulmali ta yi asarar kuɗin kansa na shekara guda. Duk wanda aka rubuta da wuri kuma, daga rumbun ubansa za a sayar da gero a biya. Shi ya sa wasu iyaye kan tura samarinsu karatun allo ko cin rani kafin masu ƙidaya su iso.

Da an ƙetare iyaka daga Maigatari, lissafin ya sauya. Faransawa a Damagaram sun ɗora kuɗin kai har a kan mata da yaran da suka ɗan tasa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa gidaje da yawa suka yo ƙaura kudu.

A 1979, lokacin Gumel na cikin Jihar Kano, Gwamna Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali. Manoma da makiyayan da ke cika kasuwar Maigatari ranar Alhamis suka sami sa'ida.

Sassauci saboda yara bai ƙare da soke harajin ba, domin a lokacin akwai irinsa a takardar albashi, wato rangwamen 'ya'ya. A da, dokar harajin albashi ta Najeriya ta daɗe tana yafe haraji a kan naira 2,500 na kowane ɗa, har 'ya'ya huɗu, wato naira 10,000 a shekara. Bisa ma'aunin 2011, wanda ya fara daga kashi 7 ya tsaya a kashi 24 cikin ɗari, abin da gwamnatin jiha ke rasawa a wancan lokacin a kan ma'aikaci mai 'ya'ya huɗu ya kama daga naira 700 zuwa 2,400 a shekara. Tsadar rayuwa ta cinye darajarsa tun kafin a cire shi daga doka.

Ko a lokacin da yake da ɗan amfani, malamin makaranta da ma'aikacin asibiti ne suka gan shi. Manomin riɗi a Gagarawa da dillalin shanu a Maigatari, masu 'ya'ya takwas ko goma, ba su da takardar albashin da za a rubuta musu shi, alhali su ne mafi yawan iyaye a masarautar.