Asalin Birnin Madurai

A can kudancin Indiya, a jihar Tamil Nadu, akwai wani tsohon birni a bakin kogin Vaigai, sunansa Madurai. Mutanensa Tamilawa ne, kuma ya haura shekara 2000 da kafuwa.

Wai a da wurin kurmi ne na itatuwan kadamba. Wata rana dare ya riski wani falke mai suna Dananjaya a cikin kurmin, sai ya hangi wani dutse a gindin itace ana yi masa bauta. Da gari ya waye ya garzaya ya faɗa wa Sarki Kulasekara na gidan Pandiya. Sarki ya sa aka sare kurmin, aka gina ɗakin bauta a wurin, aka kewaye shi da gidaje. Ran da za a raɗa wa garin suna, in ji su, sai abin bautarsu Shiba ya girgiza gashin kansa, zuma ta ɗiɗɗigo ƙasa. Zuma kuwa “madu” ake ce mata da harshen Sanskirit, shi ya sa aka kira garin Madurai. Amma wasu masana sun ce daga “marudam” sunan ya fito, wato ƙasar noma ta bakin kogi.

Sarakunan Pandiya, masu tambarin kifi, a nan suka yi fada. Mawaƙa sukan taru a wata majalisa da ake kira Sangam, lu'ulu'un ƙasar kuwa har Rum ake kai shi. A 1311 Malik Kafur, sarkin yaƙin Sarkin Delhi, ya faɗa wa garin. Daga 1335 Musulmi suka riƙe sarautarsa sama da shekara 40. A lokacinsu ne matafiyin nan Ibn Batuta ya sauka a can, shi ne wanda daga baya ya zo Takadda, a ƙasar Nijar ta yau.

Daga baya sarakunan Nayak su suka sake rayar da birnin. Tirumalai Nayak ya gina fadarsa a 1636, aka kuma faɗaɗa wancan ɗakin bauta, wanda ake kira ɗakin bautar Minakshi, mai hasumiya 14. Tituna suka kewaye shi zobe cikin zobe, wasunsu da sunayen watannin Tamilawa, kamar Adi da Chittirai da Masi.

Har yau duk wanda ya shiga tsohon garin, in ya yi ta kutsawa ciki, a ƙofar wannan ɗakin bauta zai tsinci kansa.